Tazarar da Malam ya bar wa Baba

Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyenmu Dareta, ɗiyata ta wayi gari idanunta na juyewa. Mashinan garin duk sun tafi asibitin Anka da 'ya'yan wasu, saura kekuna. Mahaifina ya ɗaure tabarma da kwanuka a bayan nasa. Ni na goya yarinyar, na hau bayan keken mijina. An ce mana in azahar ta yi, likitoci sun gama karɓar yara sai gobe.

Iskar hadari muka tarar, tana dukan fuska. Mijina ko inuwar Baba ba ya takawa don kunya, sai ya bar tazara kamar tsawon gona tsakaninsu. Haƙarƙarinsa na hawa da sauka, keken na tangaɗi, gyalena na neman shaƙe ni.

Na ce, "Malam, matsa kusa da shi mana."

"In manne wa surukina? Ke ba ki da ta ido."

"Ɗiyarka ta bar motsi, kana zancen ido!"

Wurin wani kwazazzabo Baba ya rage gudu, muka cim masa ba da niyya ba, tayarmu ta kusa lasar tasa. Sai gyalena ya kwanta. Ga itatuwa suna ta rangaji, amma mu kamar a zaure muke. Numfashin Malam ya daidaita. Yana lura da inda yake ya damƙe birki, iska ta sake cafke mu. Na zuba masa dundu.

"Wallahi ka ƙara ja baya, da ƙafa zan ƙarasa."

Baba ya waiwayo. "Mi kuka ma gardama? Kai, biyo ni, ba cizo nika yi ba."

Na daɗe ina cewa albarkar tsoho ce. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata, na ba malamarmu labarin. Ta zana kekuna biyu a allo, ta ce na gaba ke tsaga iska ya bar rami, na baya ya faɗa ciki. Na ce rami a abin da ba a gani? Ta ce e. Na ce to Baba ne ya ja mu ukun ke nan? Ta ce bai ja kowa ba, nauyinsa ma bai ƙaru ba. Nan na ɓace. Mu mun samu sauƙi, shi bai rasa komai ba, daga ina sauƙin ya fito? Ta sake zanawa, na kwafa har da kibiyoyin, ban gane ba.

Abin da na sani, mun shiga Anka taya na bin taya, ladan bai kira ba. Aka karɓi yarinyar, aka sa mata ruwa. Ta rayu, ko da yake har yau magana na yi mata nauyi. Da na fito neman kwanuka, na iske Baba zaune a ƙasa, ya kasa kwance igiyar da ya ɗaure su da ita.