Yadda Na Raka Hadiza Abuja, Na Dawo da Jawabinta a Ka

Sakkwato, Talata

Ƙarfe biyar da rabi na asuba keke ya ɗauke mu daga Runjin Sambo zuwa tasha, ni da ƙanwata Hadiza. Ni ko Mabera, nan cikin gari, aka ce in je sai na yi ƙorafi. Amma Hadiza, mai karatun haɗa manhaja a jami'a, wata ƙungiya ta ɗauki nauyin zuwanta taron ɗalibai a Abuja, kuma Baba ya ce ba ta zuwa ita kaɗai. Sai ta roƙi a mai da kuɗin jirginta na mota, kujera biyu.

Ba zan ɓoye muku ba, raina a ƙuntace yake. Ciki ɗaya muka fito, ni aji huɗu na tsaya. Ga shi wanda ya fi iya bayani a taron, wata uku za a kai shi ƙasar waje bincike.

Gusau, ƙarfe goma

Kilomita ɗari biyu da 'yan kai, shingen sojoji kuwa na daina ƙirgawa. Tun daga Talata Mafara take bitar jawabinta da Turanci, kan manhajar da ke gaya wa manomi zafi ya yi wa albasarsa yawa a rumbu.

Direba ya ce, "Hajiya, wagga ƙanwar taki rediyo ta haɗiye?"

Na ce, "Hada batirin, Malam."

Muka ci waina. Ita ko kallonta ba ta yi ba. Kafin Funtuwa jawabin ya zauna mini a ka kamar waƙar biki, ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba.

Abuja, Laraba

Masauki mai sanyi, gado biyu. Da safe aka rataya mata kati mai sunanta, ni aka nuna mini kujerar baya. 'Yan mata sai gaisawa suke da malamai, takardu a hannu, ni ina riƙe da jakarta. Har na ce a zuci, Allah sa ta faɗi mu koma gida daidai. Na yi istigfari, amma na faɗa.

Sha ɗaya da kwata aka kira ta. Ta hau, ta dubi jama'a, baki ya ƙi buɗuwa. Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na rero mata layin farko daga can baya, da irin muryarta. Ɗaki ya kwashe da dariya, ita ma ta yi, ta kama daga nan har ƙarshe.

Da yamma aka kira sunanta, ita ta ci tafiya ƙasar waje. Ta zo ta same ni.

"Yaya Luba, yaushe kika iya Turanci?"

"Ke dai riƙe jakarki, ta ishe ni."

Gida, Alhamis

Mun iso ana kiran isha'i. Na gode Allah, na gode wa direbanmu da waɗanda suka biya. Wannan karon jirgi za ta hau, ba rakiya, kuma har yanzu abin na cina.

Baba ya ce, "To ke mi kika samo?"

Na ce, "Jawabi, Baba. Kuma ba ta barin garin ga sai ta zauna ta fassara mini shi, layi-layi."