Inna Safara'u da Injin Tace Riɗi

Na fara jin sunan Inna Safara'u a bakin kakata, wadda kan ce duk Gagarawa babu mai bakacen riɗi kamar matar ƙanenta. Da mijin ya rasu, ta kama aikin bakace a wani kamfanin riɗi da ke hanyar Maigatari, da shi take ciyar da marayunta.

Bara kamfanin ya kawo injin tacewa, aka ce wadda ta koya ta zauna, wadda ta kasa ta koma gida. Ranar farko ta koyo, Inna ta sunkuya za ta tsince tsakuwa da hannu kamar yadda ta saba, sai bel ɗin injin ya fizgi bakin hijabinta, ya shaƙe mata wuya kafin a kashe wuta. Tun daga nan, ko ƙarar injin niƙa ta ji sai jikinta ya hau rawa.

Ana gobe za a gwada masu koyon injin, sai ta zo gidanmu, ta riƙe hannuna, tafinta duk gumi.

Ta ce, "Rahama, 'yar nan, ki raka ni bakin ƙofar kamfanin. In kin ga na juyo da gudu, don Allah ki tare ni, ki mayar da ni ciki."