Ranar da Hajiya Baraka ta ƙi buɗe ido

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka aike ni ɗaukar hoton Hajiya Baraka. Abin bai ma yi nisa ba. Patoron, maigidanmu a wurin aiki, ne ya ce in rubuta saboda ku da kuka zo koyon aiki, wai in na rubuta zan daina ajiye kyamara ina kallon bango. To ga shi.

Sunana Rahila. A Tsibiri nake, gidanmu na bayan majami'a, kullum da safe nake shigowa Maraɗi. Da na samu takardar birebe ta ƙaramar sakandare ban ci gaba da lakwal ba, sai kawuna ya kawo ni situdiyon Malam Lawali da ke unguwar Zariya, shi ne muke ce ma Patoron. Na fara da shara da yankan hotuna, aka matsar da ni gaban odinatar, wato kwamfuta, daga baya aka ba ni kyamara. Yanzu ni ce mai hoton cikin gida. Duk gidan da namiji ba ya shiga, ni ake turawa.

Ga wanda bai san aikin ba, hoton paspo ba hoton biki ba ne. Baya fari ake so, ba inuwa. Fuska ta kalli kyamara sosai, a ga goshi, a ga haɓa. Baki a rufe, ba murmushi. Ido biyu a buɗe. Mace na iya barin mayafinta, amma kada ya zama fari, don farin mayafi a farin baya sai ka ga fuska ita kaɗai tana yawo. Kada hannun wani ya fito. Ba a gyara fata, ba a share tabo, ba a cire zane. Kuma in sabunta paspo za a yi, hoton sabo ake so, ko da na da ɗin ya fi kyau, wanda kusan kullum ya fi. Mu namu ke nan. Sauran takardun dosiye, wato tarin takardun da ake kai ma hukuma, da dangwala yatsa ba namu ba ne.

Wata Talata ce a farkon damina. Direba ya zo da mota daga gidan Alhaji Sabi'u, wani babban ɗan kasuwa mai shigo da kayan lantarki. Ya ce mahaifiyar Alhaji, Hajiya Baraka, ba ta da lafiya, ciwon ƙoda, an je Yamai an dawo, yanzu an samu asibiti a Tunisiya, sai aka duba paspo ɗinta aka ga ya mutu. Ana son hoto yau, don gobe da safe dosiye zai shiga. Patoron ya haɗa mani kyamara da ƙafarta da farin ƙyalle, ya ce in ɗauki babban mayafi, in gaida kowa har ƙasa, kada in yi surutu, kada kuma in dawo ba hoto. Ya ce Alhaji Sabi'u ba mutumin da ake ce ma a dawo gobe ba ne.

A falon waje na tarar da Alhaji da waya biyu, yana magana da duka biyun. Bai amsa gaisuwata da baki ba, da hannu ya nuna mani ƙofa. Ƙanwarsa, Tanti Zuwaira, ita ta shiga da ni.

Hajiya na kwance a babban gado, ƙarama kamar yarinya. An sa mata farin hijabi sabo dal, saboda hoto. Da kunya na ce a canza, aka kawo wani mai ruwan ƙasa. Na kafa farin ƙyallen a bayanta. Ba ta iya zama da kanta, don haka Tanti Zuwaira ta durƙusa bayan ƙyallen ta tallafe ta da kafaɗa, yadda hannu ba zai fito ba. Na daidaita haɓarta, na koma bayan kyamara, na ce Hajiya ki duba nan, ɗaya, biyu, uku.

Ido a rufe.

Na sake. A rufe. Na sake, na sake. Duk lokacin da nake gyara tsayuwa idonta a buɗe yake, tar, yana bin duk abin da nake yi. Da na ce uku sai ya rufe. Tanti Zuwaira daga bayan ƙyalle tana cewa Inna ki daure, Inna don Allah, ƙafata ta yi sanyi. Alhaji kuma ya aiko a tambaya ko an gama. Aka ce saura kaɗan. Ya sake aikowa cewa in idon ne matsala, ai akwai hoton Hajiya na bikin jikarta, a ciro ido daga can a liƙa a nan, ba aikin odinatar ke nan ba. Na ce a ce mashi ba a karɓa.

Na ɗauka hasken fitilar kyamara ne ke damunta, haka yake ga tsofaffi da yawa. Na kashe fitilar, na kashe ƙarar, na ja labulen taga haske ya shigo. Sai Hajiya ta ce a tara mata matasai a baya, Zuwaira ta je ta dama mata kunu, ta gaji da jin numfashin mutum a ƙeyarta. Tanti ta fita, ta bar mu mu biyu.

Akwai dabarar da Patoron ya koya mani don yara ƙanana: kada ki ƙirga, ki yi ta hira da su, yatsanki na kan maɓalli. Ita na yi. Na tambayi Hajiya ko ƴar nan Maraɗi ce. Ta ce wa, ita? Ƴar Jiratawa ce, da tallan zogale ta fara, a ka, kafin ta kai ga buhu, kafin ta kai ga mota. Ta dube ni, tana jiran in ce wani abu. Kanta a miƙe, bakinta a rufe, ido biyu a buɗe. Na danna. Ba ƙara, ba haske. Na saci kallon bayan kyamarar, na ga ya yi. A raina har na gode ma Ubangiji.

Sai ta ce in matso. Ta tambayi ɗiyar wa ce ni. Da na ce daga Tsibiri, ta dubi fuskata ta ce ina zanen, ko Gobirawan yanzu kunyar fuskarsu suke ji. Na ce mu ba a yi mana ba. Ta ce to, ƴar masu Lahadi ce ke nan, ta san irinmu, ba mu cika ƙarya ba, amma yau sai in gwada. Kafin in gane maganar ta kama wuyan hannuna. Ban san mai ciwo na da ƙarfi haka ba.

"Ɗiyata, kin ɗauka fitilarki ce? Paspo nawa na cinye ina fatauci. Na san ba su karɓar na mai ido rufe."

Na ce, "To Hajiya, don me?"

"Ba ni zuwa. Na ji abin da likitan Yamai ya ce, sun ɗauka barci nake. Uwata na Jiratawa, ubana na Jiratawa, wurina na nan kusa da su. Wancan mai wayoyin ba ya jin magana, in na fara sai ya tashi ya fita. Ki je ki ce masu bai yi ba. Gobe in sun kawo wata, ita ma bai yi ba."

Ɗanta na fari ne, ba ta faɗin sunansa.

Ya kamata in ce mata na riga na ɗauka. Amma na ce to. Ina cikin lalubar maɓallin sharewa, da hannu ɗaya don ɗayan na wurinta, Tanti Zuwaira ta shigo da kunu, ta ce Alhaji ya ce in fito da kyamarar yanzu. Ta tsaya a kaina har na kwance kyamarar daga ƙafarta.

A falo ban samu damar cewa komai ba. Alhaji ya miƙo hannu na ba shi. Mutumin da ke sayar da irin waɗannan kaya ba ya buƙatar a nuna mashi inda ake dannawa. Ya yi ta wucewa, rufe, rufe, rufe, yana tsaki, sai ya tsaya. Ya faɗaɗa hoton da yatsa biyu, ya duba ido, ya duba baki, ya ce ga shi kuwa, me ake ta ɓata ma mutane lokaci. Ya ce direba ya maida ni a wanko.

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ina durƙushe na ce, "Ranka ya daɗe, Hajiya ta ce ba ta son tafiyar. Da gangan take rufe ido. Wannan ba ta san na ɗauka ba."

Akwai mutane uku ko huɗu a falon, kowa ya samu wani abin kallo a ƙasa. Alhaji ya dube ni kamar yanzu ya fara ganina.

"Ke aka ce ki tambaye ta?"

Na ce a'a.

Ya ajiye wayoyin biyu a kan kujera, ya shiga ciki da kyamarar. Aka bar ni a durƙushe. Ba wanda ya ce in tashi, ni ma ban tashi ba. Ina tunanin kyamarar Patoron, ina tunanin me zan ce ma babana in an kore ni, ina tunanin hannun Hajiya, don har lokacin shatin yatsunta na wuyan hannuna. Wayoyin suka yi ta ƙara ba mai ɗauka. Aka kira la'asar, mutanen suka fita salla suka dawo, ina nan.

Da ya fito idonsa ya yi ja. Ya ba ni kyamarar bai dube ni ba, ya ce a wanke. Sannan ya ce tana kirana.

Na shiga. Hajiya ta ce ashe ɓarauniya aka aiko mata, ta yi fatauci da mutane iri-iri ba wanda ya taɓa yi mata sata tana kallo sai ni. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in yi mata shiru, ta ga hoton, ba laifi, ta fito kamar mai bin bashi. Ta ce ƙaton nan ya kifa kai a ƙafarta yana kuka kamar ranar da ta yaye shi, yana cewa in bai kai ta ba ba zai iya kallon kansa ba har ya mutu.

"Zan je, ɗiyata. Ba don ƙodar ba. Amma na gaya mashi, in abin ya zo can, ya maido ni Jiratawa. Ya ce to."

Ta sa Tanti Zuwaira ta ba ni turmin atamfa. Na ce ba zan karɓa ba, ta ce ba tambayata ta yi ba.

Na koma situdiyo na yanke hoton daidai ma'auni, na wanke. Patoron ya ɗaga shi wajen haske ya ce ko shi sai haka. Dosiye ya shiga, ba a dawo da shi ba. Paspo ya fito, biza ta fito, na ji an tafi da ita. Ban gaya ma Patoron abin da ya faru ba sai daga baya. Da na gaya mashi ya daɗe yana goge gilashin kyamara, sannan ya ce mu hoto aka ce mu ɗauka.

Makon jiya direban ya dawo. Ya ce Tanti Zuwaira na son a faɗaɗa hoton nan na paspo, babba, a sa a gilashi, ita da ƙannenta kowa ɗaya. Ku da kuka zo kwanan nan ku riƙe wannan: ba mai faɗaɗa hoton paspon mai rai. Mutum ba murmushi, ba ado, ba wanda ke son sa a bango sai in shi ne na ƙarshe. Na yi mashi ta'aziyya. Na tambaye shi ko an kai ta Jiratawa. Ya ce an so, amma takardun ɗauko gawa sun yi yawa, malamai kuma suka ce kada a ajiye ta tana jira. Can aka rufe ta.

Ni na faɗaɗa hoton, don ni ce ke gaban odinatar ranar. Sai da ya cika allon, idon nan biyu suna kallona, suna jiran in ce wani abu game da zogale. Na duba ko'ina da idon aiki. Ba inuwa, ba hannun kowa, goshi da haɓa sun fito. Cikin duk hotunan da na ɗauka, shi ne ba wanda ya samu abin gyarawa.

Abin da zan ce maku bai da yawa. A ƙa'idar da aka liƙa mana a bango an yi maganar baya, da baki, da ido, da mayafi. Ba inda aka ce a tambayi mai fuskar ko yana son zuwa inda za a kai shi. Masu kawo tsofaffi ba mugaye ba ne, yawancinsu tsoro ne ya cika su, kamar Alhaji, kamar ni. Dabarar hira kuwa na bar ta ga yara. In babba ne, ko da zai rufe ido har magariba, ina ƙirga mashi da ƙarfi yadda zai ji, ɗaya, biyu, uku, sannan in danna.