Ƙishirwar Inna Tasalla

Duk wanda ya taɓa buɗa baki a tashar Illela ya san kunun tsamiyar Inna Tasalla, ƙanwar mahaifiyata. Har direbobin Kwanni layi suke yi mata. Shekara talatin tana dama kunun azumi ba ta taɓa ɗanɗanawa ba, tunda da azumi a bakinta. Da hannu take aunawa, da hanci take ganewa. Na ƙasan tukunya kuwa nata ne, ba na sayarwa ba. Da an kira magariba sai ta kurɓa, ta lumshe ido.

Shekara uku ke nan da ciwon suga ya kama ta. Likita ya raba ta da sukari, ya rage mata tuwo, fura ma ya ce sai kaɗan. Duk ta jure. Amma da ya ce da irin allurar da take yi kada ta kuskura ta yi azumi, sai ta ɗaure fuska. Liman ya ce ta ciyar, Allah ya ɗauke mata. Ta ce to, irin to ɗin da duk gidanmu mun san ba to ba ne.

Ran uku ga watan azumi ta ɗauka a ɓoye. Da la'asar sakaliya na tarar da ita jingine da bango, gumi sharkaf, muciya yashe a ƙasa. Na jiƙa sukari ina ba ta, tana kawar da kai.

"Saura kaɗan, Ummu," ta ce da ni. "Dubi rana."

Sai da na ɗura mata. Da ta dawo hayyacinta na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa babba ba, don wallahi na tsorata. Ta bar ni na gama tas.

"Ɗiyata, ba ki gane ba. Ba sukari nika kewa ba. Ƙishirwar nika kewa."

Tun daga ranar ba ta sake ba. Da azahar takan shige ɗaki ta tura ƙofa ta ci wake da zogalenta kamar mai laifi, alhali ba wanda ya ce mata kanzil. Kunun kuma har yau ba ta ɗanɗanawa. Wai kunun azumi ba a taɓa shi da rana, ko wa ke dama shi.

Jiya da aka kira salla ta kwashe na ƙasan tukunya ta miƙo mini. Ina sha tana kallon maƙogwarona.

"Mi kinka ji?"

"Ya yi daɗi, Inna."

"Kunun na san ya yi. Sa'ad da ya sauka nika tambaya." Ta matso kusa, ta dafa gwiwata. "Faɗa mini a hankali."