Idon Inna da Hanyar Zango

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da Kawu da direban da muka ɗauko shata. Ko shayi ban kurɓa ba. An bugo mini waya cewa wani mai gyaran ido na gargajiya ya sauka ƙauyenmu da ke bayan Zango, kuma da hantsin ranar zai sa allura ya kwantar wa Inna yanar da ta rufe mata ido. Inna yayar mahaifiyata ce, idon nan ɗaya gare ta, ɗayan ƙyanda ta tafi da shi tun tana yarinya. Na yi ta kiran mijinta, Malam. Da ya ɗauka, cewa ya yi an riga an gama magana, ya kashe.

Kawu ƙanin Inna ne, ya haura saba'in, ya yi ritaya daga binciken ƙwayoyin cuta a jami'a. Shi ya gaya mini masu allurar nan tura yanar suke yi cikin ido. Wani ya gani na 'yan watanni, daga nan idon ya kumbura ya mutu. Ya faɗi wannan, amma a Kazaure sai da ya tsayar da mu ya sayi ƙosai, uku naira ɗari, kowanne bai fi goro ba. Kamar in yi kuka don haushi.

Yana ci yana ba ni labarin wanda ya sa shi a hanyar boko. Wani Bayahude ne, likitan ido, da yaƙin Turai ya cinye masa iyaye da 'yan'uwa yana ƙarami. Ya zo ƙasar Daura yana zagaya ƙauyuka, Hausarsa a karkace. Kawu na ɗan shekara goma sha biyu ya fara riƙe masa fitila, wata rana likitan ya sa shi ya leƙa ɗigon ruwan kududdufi a madubinsa mai ƙara girman abu. Abin da ya gani yana motsi a ciki shi ya bi har ya tsufa. Likitan ba ya aiki ranar Asabar saboda addininsa, in ji Kawu, amma in an kawo idon da ba zai kai Lahadi ba, zai tashi. Ni dai agogo nake kallo.

Mun ratsa Daura wajen ƙarfe takwas, motocin dabbobi suka tare mu kusan rabin awa. Bayan Zango muka saki kwalta. Gero ya yi kai hagu da dama, gyaɗa ta rufe ƙasa, amma ruwan daren jiya ya yanke hanya. Direba ya duba ya ce shi motarsa ba kwalekwale ba ce. 'Yan acaɓa biyu suka ga idonmu ya raina fata, suka ninka kuɗi. Ban yi ciniki ba. Waya kuma babu sabis.

Mun tarar an shimfiɗa wa Inna tabarma a tsakar gida, mai allura ya buɗe jakarsa yana wanke hannu. Ko gaisuwa ban yi ba na ce duk wanda ya taɓa idon nan sai na kai shi hukuma. Malam ya miƙe, fuskarsa ta haɗe.

"Ke, a gidana? To yau sai an yi." Ya juya wajen Kawu. "Kai kuma da Bayahude ya rena, me za ka koya mana?"

Nan na san bakina ya ɓata komai.

Kawu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa da tsufansa, ya gaida Malam har da tambayar gona. Ya ce, "Gaskiya ne, Malam, shi ya rene ni. Da an kira salla shi ke korata masallaci. Abu guda ya hana ni: taɓa ido kafin mai gidan ya gani da kansa. Ranka ya daɗe, riƙe mini wannan."

Ya miƙa masa 'yar tocila. Aka shigar da Inna ɗaki, aka sauke labule. Kawu ya ce Malam ya haska ta inda ya ga dama. Ya haska daga sama, Inna ta nuna sama. Ya koma hagu, ta bi shi. Ya laɓaɓa bayan kunnenta, ta ce, "Malam, daina wasa da ni, ga ka nan."

"Idon da ransa," in ji Kawu. "Yana ce kawai, a asibiti cire ta ake yi. Amma iyalinka ce, yadda ka ce haka za a yi."

Malam ya miƙa wa Kawu tocilarsa. Da ya fito, shi da kansa ya ba mai allura goro ya raka shi ƙofa, ya dawo ya sanar wa gida cewa ya yanke shawara a kai ta Kano. Ni ko kallona bai yi ba.

Mun iso Kano kafin magariba, Inna na tsakaninmu. Bayan kwana huɗu aka yi aiki. Da aka cire bandeji ta ƙura mini ido, ta ce ashe na yi ƙiba, sannan ta ce in kira Malam in ba shi haƙuri. Na kira, na kuma ji kunya sosai. Na tafi ne don in ceci idon Inna, amma da ni kaɗai na je, da ni na makantar da ita.