Anti Verlene da Jinin Dontrell

Kowace safiya Anti Verlene Gaither takan sa akwatin ƙanƙara a bayan tsohuwar motarta, ta ratsa gonakin audugar jihar Mississippi ta Amurka tana ɗibar jini gida-gida. Ƙa'idarta ɗaya ce: idan gwajin jariri ya nuna sikila, ba ta yanke magana sai ta ɗebi na uwa da na uba. Wannan watan za ta ajiye aiki a ƙaramin asibitinmu, kuma shugabanni ko taron sallama ba su kira ba.

A idona ta ceci gidan Dontrell, direban babbar mota. An ce jaririyarsa na da sikila. Shi kuwa an taɓa yi masa gwajin gaggawa a taron lafiyar cocinmu, aka ce ba ya ɗauke da ita. Kowa ya haddace cewa sai iyaye biyu sun bayar da ita yaro ke kamuwa. Dontrell ya ce ashe 'yar ba tasa ba ce, ya kwashe kayansa, ya bar matarsa Shonda da goyo.

Anti Verlene ta iske shi gidan uwarsa yana cin soyayyen kifi.

"Miƙo hannu, ƙaton banza."

"Anti, an riga an gwada ni. Yarinyar nan ba tawa ba ce."

"Ni na yi maka rigakafi kana tsala ihu. Rufe min baki."

Sakamako ya dawo. Irin jinin da jariri ke fitowa da shi daga ciki yakan ja baya cikin watanni, amma a wasu zuri'o'i ƙwayar gadonsa ba ta rufewa. Dontrell na cikinsu. Yarinyar ta gaji sikila wajen uwa, ta gaji wannan wajen uba, kuma wannan jinin ke hana ƙwayoyin jininta lanƙwashewa. A gwajin haihuwa kawai yake kama da cutar.

"Wato tawa ce?" in ji Dontrell.

"Taka ce, har garkuwa ka ba ta. Tashi ka ba Shonda haƙuri, kuma kada ka je hannu rabbana."

Mun sauke ajiyar zuciya, amma raina bai huce ba. Mu masu shirya tarukan lafiyar nan muna raba wa mutane rabin amsa, mu tafa wa kanmu, mu watse. Gidaje nawa ne suka mutu a garuruwan da ba wanda ya bi sawu?

Anti, ke ce mai zama har a gama tambaya. Yarinyar nan yau tana tsere a filin makaranta, ubanta na mata ihu daga bakin shinge. Mun gode. Mu kuma da muka rage, kada mu sake tsaga yatsan kowa don gwajin jini in ba mu shirya binsa har gida ba.