Doña Tola da Harshen Aro

Ban gaskata wannan labari ba ranar da mahaifiyata ta fara ba ni shi. Lokacin ban daɗe da dawowa daga ƙasar sanyi ba, inda na yi karatun noma, inda kuma aka koya mana cewa burtuntunar masara cuta ce, a tumɓuke a ƙone. Wannan darasi bai zauna mini ba, domin a gidanmu idan damina ta sauka, murna ake yi in an ga masara ta kumbura da ita. Darasin da ya zauna shi ne kada in yi saurin yarda da abin da ban gani ba. To, a ce Doña Tola, wadda duk ƙauyukan gindin dutsen Malinche suka sallama wa a girkin witlakoce, kamar yadda muke kiran burtuntunar, ba ta taɓa kai shi bakinta ba? Na ɗauka hirar mata ce ta layin injin niƙa. Sai da na yi damina guda ina zarya gidanta, ina taya ta ɓare masara, kafin na tattara abin da ke biye.

Eustolia Cuamatzi ne sunanta na baftisma, 'yar wani mai ƙona gawayi daga ƙauyen da ke sama da namu. Tana ƙarama yayanta Fidencio, wanda ya rayu ya mutu bai daina tsokana ba, ya kawo mata masara mai burtuntuna, ƙulle-ƙullen nan masu ruwan toka sun cika ta sun yi tsuru-tsuru. Ya ce mata yatsun ƙafar kakansu marigayi ne suka biyo kara suka fito, tunda kusa da gonar aka binne shi. Da ta girma kanta ya gane ƙarya ce. Maƙogwaronta ne dai har yau labarin bai kai masa ba.

A gidan iyayenta ba wanda ya damu, kason sauran ma ƙaruwa ya yi. Matsala ta taso ne da ta auri Crescencio, wanda kowa ke kira Chencho, wani siririn manomi mai sanyin magana. Uwarsa, Doña Gumersinda, da wannan girki take auna amarya. Daminar farko ta dire wa Tola kwando cike, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar madafa tana tsintar wake, ido ɗaya a kan wake, ɗaya a kan suruka.

Aikin kansa bai ba Tola tsoro ba, ta sha ganin uwarta tana yi. Ta zaɓi ƙulle-ƙullen da ke da tauri da sheƙi, ta ware waɗanda suka fashe suka koma baƙar ƙura. Ta yayyanke su daga jikin totuwa da wuƙa, ta tsince gashin masarar, ba ta jiƙa su da ruwa ba. Ta soya albasa da tafarnuwa a kitse, ta sa ɗanyen barkono, ta juye burtuntunar. Kasko ya ɗauki ƙara, abin ya saki ruwa, ya rikiɗe baƙi wuluk kamar tawada. Ta tsinka ganyen efazote mai ƙamshi a kai. Saura abu ɗaya, wanda kowace mai girki ke yi ba tare da tunani ba: ta ɗebo a cokali ta ji gishiri. Nan hannunta ya tsaya.

Sai ga Chencho ya shigo wai zai ɗauki garwashi ya kunna taba. Ya yagi tortiya, faffaɗar gurasar masarar da muke ci da komai, ya dangwali abin da ke kaskon, ya jefa a baki, uwarsa na ta faɗa cewa ba a haifi namiji a gidan nan don ya riƙa lasar tukunya ba. Da zai fita ya sosa kunne. Tola ba ta gane ba. Ya dawo wai tabar ta mutu, ya sake sosa kunne, wannan karon idonsa a kan ƙwaryar gishiri.

Ashe tun yana zuwa zance gidansu ya taɓa ganin ta tana miƙa wa kare nata kason a ƙarƙashin tebur, ya riƙe abin a ransa.

Daga ranar suka kafa tsarinsu. Sosa kunne, gishiri. Tari, barkono. Murza hanci, a ƙara ganye. In ya fita yana fito, a sauke kasko. A wajen ci kuwa Tola takan dama baƙin wake a ɗan kwano ta ɓoye bayan tulu, ta naɗe shi a tata tortiyar. Baƙi dai baƙi ne, ba mai leƙa cikin tortiyar wani. Mahaifiyata ce kaɗai ta taɓa ɗaukar farantin Tola bisa kuskure a wani bikin suna, ta gatsa ta ji wake, ta dubi Tola, Tola ta dube ta, kowacce ta ci gaba da taunawa.

Sunan Tola ya tafi. Daga birnin Huamantla ma akan aiko a roƙi ta girka. Shi kuma Chencho ya sami nasa sunan: Muzuru. Maza a dandali sukan tambaye shi yau me aka bari a buɗe, mata sukan rufe tukwanensu da wasa in ya wuce. Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne duk wannan kwaɗayi bai ƙara masa tsoka ba. Shi dai sai ya yi murmushi ya ce ai mai neman albarka kusa da wuta yake zama. Uwarsa ta rasu tana jin kunyarsa. 'Ya'yansa sun tashi sun tarar da sunan, har jikoki na cewa Kaka Muzuru.

Shekarar da abin ya faru, gidansu ne ke da nauyin ciyar da gari a bikin Budurwa Maryamu na watan Agusta. Irin wannan nauyi sau ɗaya yake faɗo wa gida a rayuwa, kuma har jikoki ana tuna abin da aka ci. Ana gobe biki mata suka cika tsakar gida suna figar talotalo suna gyaran barkono. Doña Prisca, komadren Tola, wato wadda ta riƙe mata ɗa a baftisma, ita ce ta jawo zancen. Ta ce gobe sai a ɗaure Muzuru a turke, in ba haka ba baƙi totuwa za su tarar.

Da Tola ta yi shiru kamar kullum, da shi ke nan. Amma hira ta yi daɗi, an ɗan kurɓi abin kurɓa, bakinta ya riga ta.

"Ke dai bari, komadre. Shekara arba'in ina kiwon muzurun nan, ko ɓera ɗaya bai taɓa kamo mini ba."

Mata suka kwashe da dariya har wata na share hawaye da gefen mayafi. Chencho na bayansu, ɗauke da itace. Ya sauke shi a hankali a gindin bango, ya jera shi tsaf, ya karkaɗe rigarsa ya fita. Daga bakin kowa ya sha jin wannan suna, amma daga nata bai taɓa ji ba.

Da safe ya sa farar rigarsa, ya taje gashin baki, ya je ya zauna cikin dattawa a inuwar ɓaure, ya harɗe hannuwa kamar baƙon da aka gayyato.

Tola ba ta lura ba sai da girki ya yi nisa. Kaskon ranar ba na gida ba ne, babban nan ne na unguwa da sai mata biyu ke ɗaga shi, kuma burtuntunar gonaki da yawa aka haɗa. Hannunta ya san gishirin kaskon gida ko da ido a rufe, amma wannan bai san shi ba. Ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin kasko, kiran da suka saba. Bai zo ba. Ta sake ƙwanƙwasawa har Prisca ta tambaye ta ko fasa kaskon unguwa take son yi.

Ta aiki matar ɗanta ta ce wa baba ana neman itace. Amsa ta dawo cewa itace na nan inda ya ajiye jiya. Ta sake aikawa cewa ga garwashi ya yi jawur in yana son kunna taba. Amsa ta dawo cewa a tuna mata ya daina shan taba tun kafin a haifi autansu.

Mata goma ne a madafar, amma ba ta yadda mai girkin witlakoce ta gari za ta ce wa wata zo ki ji mini gishiri. Sai ta yi dabara, ta ce wa Prisca ta zo ta ci albarkacin biki tun kafin maza su wawashe. Prisca ta lasa, ta lumshe ido, ta ce daɗi kam akwai, sai dai gishiri bai ji ba. Tola ta ƙara. Sai bayan ta zuba ta tuna cewa Prisca ko zuma aka ba ta cewa za ta yi gishiri bai ji ba, kuma likita ya daɗe da hana mijinta cin abincin gidansa. Ta ba wata, ashe mura take yi. Ta ba matar ɗanta, wadda ke tsoronta, ita kuwa ta ce komai ya yi daidai tun kafin cokalin ya kai bakinta.

Can daga ƙofar coci aka fara harba wutar biki, alamar jama'a sun taso da masu busa. Tortiyar shuɗiyar masara ta cika kwanduna, an lulluɓe da ƙyalle. Tola ta juya wa matan baya, ta ɗebo kaɗan a cokali, ta kawo kusa da baki. Ƙamshin ba laifi, ta daɗe da sanin haka: ƙasar da ruwa ya daka, da ɗan zaƙin masara sabuwa. Ta ce wa kanta ita fa tsohuwa ce mai jikoki, kakan nan ma ko fuskarsa ba ta tunawa. Ta buɗe baki. Maƙogwaro ya ce bai san zancen ba. Ta ajiye cokalin.

Sai ta cika ludayi, ta tara tafin hannu a ƙarƙashinsa, ta ratsa tsakar gida da shi har inuwar ɓaure. Dattawa suka bi ta da kallo.

"Tsoho, ɗanɗana mini."

"Ni? Ai muzuru ya yi murabus, Doña Eustolia. Ki nemi mai kama ɓera."

"Chencho, mutane sun taso."

"Ina jin su. Ke ce mai girki, ga bakinki nan."

Ta dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya. Akwai shugaban kwamitin coci, akwai mijin Prisca, akwai waɗanda matansu suka daɗe suna jiran ranar da za ta yi tuntuɓe. Ta ɗaga murya yadda har na madafa za su ji.

"Ban san ɗanɗanonsa ba. Ban taɓa ci ba, ko sau ɗaya. Duk wanda ya taɓa yaba girkina a garin nan, harshen mutumin nan ya yaba. Karɓi, hannuna ya gaji."

Sai Don Hilarión, shugaban kwamitin, ya fashe da dariya yana dukan cinya, ya ce a zo a ga yadda ake lallashin miji, shi tasa matar in ta ɓata masa rai sai dai ta ƙara masa da harara. Sauran suka ɗauka. Wani ya ce saura ta ce ba ta taɓa ganin masara ba. Ba wanda ya yarda, ko mutum ɗaya.

Chencho bai yi dariya ba. Ya karɓi ludayin, ya hura, ya kurɓa, ya daɗe yana juya abin a baki yana kallon sama, da gangan, har sai da ta fara buga ƙafa. Sannan ya tambaya a hankali ko komadre Prisca ce ta ba da shawarar gishirin. Mijin Prisca ya sunkuyar da kai.

Ya tashi ya naɗe hannun farar rigar, ya shiga madafa ta ƙofar gaba, ba tare da ya nemi wani dalili ba. Ya ce a kankaro ɗanyar masara, a kawo furen kabewa da aka ajiye don miya, a juye ragowar burtuntunar da ke kwandon baya. Tola na juyawa, yana ɗanɗanawa, yana faɗin abin da ya rage da bakinsa a gaban kowa. Masu busa na shigowa ƙofar gida ya ce a sauke.

An ci har leɓɓan gari suka yi baƙi. Limamin coci ya nemi ƙari sau biyu, ya kuma tafi da wani a ƙunshe.

Har yau sunan Muzuru bai bar shi ba, kuma maganar Tola ta zama abin da ake ba amare misali da shi wajen iya zama da miji. Abin da ya canja kaɗan ne: yanzu akwai wata 'yar kujera a gefen murhu, ba mai zama a kanta sai shi.

Ran nan muna ɓare masara, shi yana can gona, na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce yanzu da ta riga ta faɗa a gaban jama'a, ba abin ɓoyewa kuma, me zai hana ta daure ta ɗanɗana sau ɗaya, ko don ta san abin da ake ta yabo?

Ta ci gaba da yankan ƙulle-ƙullen ba ta ɗago ba.

"In na ci kuma na ji daɗinsa fa? Sai me zai riƙa kawo tsohon nan madafa?"